Saƙon Mai Haƙar Rijiya

Daren Talata, bayan isha'i, a gindin rumbu,
Ladidi ta zo hutu daga Dutse da waya mai tsagaggen gilashi.
Ta ce, "Kaka, duba nan."
Na duba. Jan faƙo ne, tsakuwa da rairayi,
kamar bayan garin Auyo in rani ya yi nisa.
Na ce, "Gonar wane rago ce, ko taki babu?"
Ta yi dariya har ta ƙware da ruwa.

Wai ba gona ba ce, wata duniya ce,
ga ta can, jan ɗigon da ke saman tsamiyar Mati,
wanda ba ya ƙifta ido.
An aika amalanken ƙarfe, ba sa, ba jaki,
yana rarrafe a tafkin da ya ƙafe tun ba a san ƙirga ba,
yana huda dutse, yana sansana gari,
ko zai ga sawun rayuwa.

Na ce, "Mutane suke nema?"
Ta ce, "Ko gansakuka suka gani, Kaka,
ko abin da bai kai ƙwan kwarkwata ba,
duniya ba za ta yi barci ba.
Dokarsu ɗaya ce: a bi ruwa."

To, ashe 'yan sana'armu ne.

Shekara arba'in da ɗaya ina shiga rami da igiya a ƙugu.
Ba na tambayar boka, gawo nake tambaya,
shi da ke yin ganye lokacin da kowa ya tuɓe.
Ina tambayar gara inda ta samo ɗanyen yumɓu.
Daga gaba goma sha biyu, in ka ɗaga kai,
sama duka ba ta fi faifai ba,
kai ma ɗigo ne ga mai leƙowa.

A gidan Tanimu na yi gaba sha tara, ƙura kawai.
Na fito na ce masa babu.
Bayan shekara shida wani yaro daga Miga ya shiga ramin nan nawa,
kamu biyu ya ƙara.
Har yau suna sha, har yau ina sunkuyar da kai in na wuce.
Tun ranar na daina cewa babu,
sai dai in ce ban kai ba tukuna, ina zuwa.

Ladidi, kin san gaiwa?
Shekarar da fadama ta tsage har ƙafar saniya na faɗawa,
ni da babana muka sari busasshen taɓo.
Ga ta a dunƙule cikin majinarta, kamar guntun icce,
wata takwas ba ci, ba sha, jikinta take ci.
Muka sa ta a ƙwarya, muka zuba ruwan randa.
Kafin in ɗaure wando, wutsiya ta motsa.
Wanda ya yi wannan ajiya a ƙarƙashin sawunmu
bai taɓa gaya mana iyakar rumbunsa ba,
balle mu ce nan kaɗai ya yi shuka, can bai watsa iri ba kuwa.

Ta ce akwai wani wata, can wajen Mushtari,
ana zaton teku ne a rufe da ƙanƙara.
Wannan ya fi ƙarfin dagina.
Ni ƙanƙarar da na sani ta azumi ce, a buhu, daga Haɗeja,
kafin ta iso ta zama rabin ruwa.

Barci ya ɗauke ta, wayar ta mutu a hannunta.
Kaza da 'ya'yanta sun gangara yamma,
ni da jan ɗigon muka rage.

In kin koma, ki faɗa wa malamanku,
su faɗa wa masu amalanke:
su tona a hankali, ta gefen inuwa.
Abin da ya yi kama da matacce, a ba shi lokaci.
In kuma sun same ta tana numfashi,
su mai da ƙasa, su rufe, su ja da baya.

Tamu dai, ban ƙarasa miki ba.
Da la'asar Inna ta sa mata daddawa.